A Bar Dattijo Ya Kwance Rediyonsa

Ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya ba ta da wuyar fahimta: ranar da ma'aikaci ya cika shekara 60 a duniya, ko ya cika 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai ya miƙa makullin ofis. Malaman firamare da sakandare ne dokar 2022 ta ɗaga wa zuwa 65, farfesoshin jami'a kuma sai sun kai 70. Wanda aka ɗauka aiki yana ɗan shekara 20, yana 55 an sallame shi, alhali ƙarfinsa da hankalinsa suna nan daram. Daga nan kuma jama'a sun riga sun tsara masa yadda zai ƙarasa: masallaci, majalisa, ɗaurin aure, jana'iza, sai zaryar tantance 'yan fansho. Mai ɗan hali ya koma gona, ko ya ɗaure raguna, ko ya fasa shago a jikin katangar gida. Duk waɗannan ba wanda zai ce uffan.

Amma a leƙa zaurensa a same shi da tabarau a karan hanci, ya kwance bayan fitila mai caji, ƙarfen liƙa dalma yana tashin hayaƙi a gefe, to daga ranar an samu abin faɗi. Masu kara su ce, "Alhaji, ai da kun ba yaro ya kai wa mai gyara." Marasa kara su jira ya ba da baya su ce tsufa ya fara taɓa shi, ko kuwa fansho ne bai fito ba. 'Ya'yansa ma sai su ji kamar an tona musu asiri, a ce ubansu ya koma gyaran tocila.

Ina cikin waɗanda ake yi wa wannan kallon, don sai da furfura ta kama ni sosai na sayi mitar awon wuta ta farko. Abin da nake gani shi ne, babban mutum, namiji ko mace, da ya ɗauki koyon kayan lantarki don sha'awa bayan shekaru sun ja, ba abin tausayi ba ne, ba kuma abin dariya ba. Abin da ke hana mutane da yawa ba ido ba ne, ba ƙwaƙwalwa ba ce. Girma ne, da kuma rashin wurin da mai girma zai zauna ya koya ba tare da an zubar masa da shi ba. Wannan kuwa matsala ce ta jama'a, ba ta mutum ɗaya ba.

Masu cewa lokaci ya wuce suna da karin maganarsu a hannu: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye ba. Daga shekara arba'in da 'yan kai ido yake fara ƙin ganin abu na kusa. Zanen launin da ke jikin razisto, ɗan abin nan da ke rage gudun wuta a cikin na'ura, wanda da zanen ake gane ƙarfinsa, sai ja ya koma maka ruwan goro, ruwan ƙasa ya koma baƙi. Hannu ma yana ɗan rawa, musamman da safe. Kayan wayar salula na yanzu kuwa, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, sai da madubin likita da injin hura iska mai zafi ake ɗaga su. Wannan fagen na samari ne, a bar musu. Sai dai lantarki ba daga wayar salula ya fara ba, ba a nan ya ƙare ba. Ido yana da tabarau, akwai gilashin ƙara girma mai fitila, launin razisto kuma ba dole sai ka karanta shi ba: ɗora masa ƙafafun mita ta faɗa maka lambarsa. Abin da aikin ya fi buƙata shi ne haƙurin bin layi ɗaya bayan ɗaya har a gano inda wuta ta tsaya, da kuma rashin gaggawar cewa "ya ƙone". A nan dattijo ya fi yaro nesa ba kusa ba.

Lissafin ma da ake tsorata mutane da shi bai kai na rabon gado ba. Ginshiƙinsa ƙa'ida ɗaya ce da wani Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa a 1827. A ɗauki tankin ruwa a saman gini: tsayin da aka ɗora shi, shi ne folt, yawan ruwan da ke gudu a bututu, shi ne amfiya, ƙuncin bututun kuma shi ne om. Ka raba na farko da na uku, ka samu na biyu. Shi ke nan. Ga misali: ɗan jan ƙwan nan da ke haskawa a gaban talabijin yana son kusan folt 2, kuma ba ya jure fiye da kashi 20 cikin dubu na amfiya ɗaya. Kana da batirin mota mai folt 12. Ka haɗa su kai tsaye, ƙyal ɗaya zai yi ya mutu. To folt 10 ɗin da suka yi yawa sai ka nemi wanda zai shanye su: 10 a raba da 0.02, ya ba ka om 500. Ka sa razisto mai 470 ko 560, wanda ka samu a hannu, ƙwan ya kama ya zauna lafiya. Mutumin da ya shekara talatin yana daidaita bocar albashin ma'aikata, ko matar da ke riƙe da adashin mutum ashirin a ka, a ce wannan ne zai gagare su?

Kuma a tuna su wane ne waɗannan dattawan. Su ne 'ya'yan zamanin rediyo. An ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, rediyon aljihu na farko ya shiga kasuwa a 1954, Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Duk wanda ya tashi a tsakanin nan ya san shanya batir a rana don ya ƙara kwana biyu. Ya san ɗaura siririyar waya a eriya a kai ta jikin kwanon rufi don tasha ta fito. Ya san tura takardar sigari mai ƙyalli a mazaunin batir idan sifirin ya saki, da juya kaset da biro. Tun suna yara suke taɓa-taɓa, abin da ba a taɓa yi musu ba shi ne bayanin dalili. Wanda ya dawo yana neman dalilin yau, ba sabon abu ya ɗauko ba, tsohuwar tambaya ce ya samu sukunin bi.

Bari in nuna abin kusa-kusa, da fitila mai caji, tunda babu gidan da babu gawarta ɗaya ko biyu a ƙarƙashin gado. Ka kwance sukurori huɗu ko shida, ka buɗe. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: allon ƙwayaye, makunni, ɗan allon caji mai kafasito guda ja ko ruwan ƙasa, wato abin da ke tara wuta, da diyod huɗu masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, sai wani ɗan batir mai kusurwa huɗu na folt 4, irin mai dalma da ruwan asid. Ka ɗora mita a kansa, ka ga folt ɗaya da ɗigo, ko ma sifiri. Sau da yawa shi kaɗai ne ya mutu, domin an ƙera cajar ba tare da abin da zai tsayar da ita ba idan batir ya cika, mu kuma muna barin fitila a soket har sai an ɗauke wuta. Ƙwayayen lafiyarsu lau. Sai ka cire tsohon batirin da allon cajin gaba ɗaya. Ka nemi mataccen batirin kwamfutar cinya a wurin 'yan gwangwan, ka fasa shi a hankali: a ciki akwai batura masu kama da yatsa, waɗanda ake kira 18650 saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Yawanci ba dukansu ne suka mutu ba. Ka zaɓi mai rai, ka haɗa shi da wani ɗan allon caji mai suna TP4056, wanda bai fi tambarin wasiƙa girma ba, mai tsayar da caji da kansa idan batir ya kai folt 4.2. Ka huda gefen fitilar ka fito da bakinsa. Daga ranar, da cajar waya za a riƙa caja ta, ko da ƙaramin faifan sola.

Wurin liƙin ne ake gane wanda ya fara iyawa. Sabon shiga yana narka dalma a bakin ƙarfe ya ɗiga ta a kan waya, sai ta yi dunƙule mai duhu, ka ja kaɗan ta ɓalle. Wanda aka nuna wa, wayar da mazauninta yake fara ɗumamawa da bakin ƙarfen, sannan ya kawo dalmar ta taɓa su, sai ka ga ta bi jikinsu da kanta ta kwanta tana sheƙi. Daƙiƙa biyu zuwa uku, an gama. Dalmar da aka fi samu a kasuwa kashi 60 kuza ce, irin wadda aka shekara aru-aru ana haƙa a Jos, kashi 40 dalma zalla, kuma tana narkewa a wajen digiri 190. Wannan abu ne da ake koya a zama ɗaya idan akwai mai nunawa. Idan babu, mutum sai ya yi watanni yana ɓata allo.

To a nan matsalar take: wa zai nuna?

Hanyar koyon sana'a da muka gada an gina ta ne don yaro. Uba ya kai shi wurin oga, ya yi shara, ya ɗebo ruwa, a aike shi sayen abinci, a zage shi, wani lokaci a kai masa rankwashi, a haka yake tsintar aikin da ido har a yaye shi. Tsohon darakta ba zai shiga wannan layi ba, kuma ko ya yarda, ogan ba zai yarda ba. Na gwada zama wurin wani saurayi mai gyara a wata kasuwa, yaro mai ladabi da hannu mai kyau. Da na ce ina son in ga yadda yake gano laifin allo, sai ya miƙe tsaye ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Baba, ku kawo kawai a yi muku, ba sai kun biya ba." Na ce, "Ɗana, ba gyaran nake so ba, ganin nake so." Ya yi dariya, ya sosa ƙeya, ya ce, "Wallahi Baba nauyinku nake ji. Yaya zan ce muku ba haka ake riƙewa ba?" Gaskiya ya faɗa. Tarbiyyar da ta hana shi gyara wa sa'an ubansa riƙon ƙarfe, tarbiyya ce mai kyau, amma ita ce ta rufe ƙofar.

A kan wannan kuma aka ɗora wani tsohon ciwo. Tun asali sana'ar hannu a ƙasar Hausa gado ce, kuma hawa-hawa ake kallonta: ƙira, jima, dukanci, wanzanci, kowa da gidansu da matsayinsu. Da boko ya zo, sai ya ƙara ɗaga mai riƙe biro sama da mai riƙe filaya. Yaron da bai ci jarrabawa sosai ba shi ake turawa makarantar koyon sana'a, kuma har yau ana ta jayayya a kan fifikon mai digiri a kan mai babbar difloma. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gudun kada a gan shi da baƙin mai a riga, ba ƙaramin abu ba ne a ce ranar da ya kai ƙololuwar girma ya zauna a benci.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, maganin wannan yana hannunmu tuntuni, ba mu dai kai shi wannan fage ba. Je ka kowace makarantar zaure bayan Asuba ko bayan Magariba. Za ka ga mai shekara saba'in ya naɗe ƙafa a gaban malamin da bai kai ɗansa na fari ba, yana biya littafi, ana gyara masa wasali, yana cewa "na'am, Malam". Ba wanda ya taɓa cewa girmansa ya zube. Haka Islamiyyun matan aure: kaka da jikanya a tabarma ɗaya. A ɓangaren boko ma an yi: Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 magidanta ya koya wa a-ba-ca-da, kuma hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 har lambar yabo ta UNESCO ta samu. Da muka ce gemu ba ya hana ilimi, ba mu ce ban da ilimin da ake yi da hannu ba. Bambancin zaure da shagon oga shi ne, a zaure an san sunan abin da ake yi: wannan malami ne, wannan ɗalibi ne, kowa ya san haddinsa. Saurayin nan da ya ji nauyina, da an kira shi Malam an tsayar da shi gaban allo da ɗalibai goma, da ya gyara mini riƙo ba tare da ya sosa ƙeya ba.

Tambaya ta biyu da ake yi mini ita ce, "To nawa kake samu?" Amsar ita ce ba na samu, kuma ba don samu na fara ba. Ban san ranar da muka yanke cewa duk abin da babba zai yi sai ya kawo kuɗi ba. Mai kiwon tattabaru a soro ba a tambayarsa riba. Mai doki kullum cikin asara yake, ana kuma yaba masa. Masu dara suna kwashe yini a gindin bishiya. Sha'awa halal ce, kuma wadda ke sa kai aiki ta fi wadda ke barinsa ya yi tsatsa. A Jami'ar Teksas da ke Dalas, wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Denise Park, ta yi gwaji da mutum fiye da 200 masu shekara 60 zuwa 90. Wasu aka sa su koyon ɗaukar hoto da sarrafa shi a kwamfuta ko ɗinkin bargo na tsawon wata uku, wasu aka bar su da taruwa ana hira da fita shaƙatawa, ko ayyuka masu sauƙi a gida. A sakamakon da aka buga a 2014, waɗanda suka sha wuyar koyon sabon abu su ne ƙarfin tunawarsu ya ƙaru. Ba na cewa ƙarfen dalma maganin ruɗewar tsufa ne. Amma abokan zaman majalisarmu su lura: hira kaɗai ba ta yi ba.

Duk da haka akwai amfanin da ya shafi aljihu, kuma ya fi gyaran tocila girma. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin samun wuta fiye da kowa, naira 225 kowane yunit. A Oktoban wannan shekarar aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya rage ta Binuwai shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako a duhu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗana nasu tun Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki. Sakamakon duk wannan shi ne kowa ya koma sola. Wa ke fitar da kuɗin? Maigida, sau da yawa daga garatutinsa. Kuma yana fitarwa ne ido rufe. An ce masa batir "ɗari biyu ne", inbata "uku da rabi ce", ya gyaɗa kai. Bayan wata shida wuta ta fara ɗaukewa ƙarfe ɗayan dare, a shiga rigima da mai haɗawa, kowa yana rantsuwa.

Wanda ya ɗan koyi lantarki zai zauna da biro tun kafin ya biya. Batir mai folt 12 da lamba 200 a jikinsa yana ɗauke da wat 2,400 na tsawon awa ɗaya, wato 12 sau 200. Idan irin mai ruwa ne, rabi kawai ake so a sha in ana son ya yi ƙarko, saura 1,200. Fanka biyu da talabijin da 'yan fitilu sun kai wat 300. Awa huɗu ke nan, kafin ma a cire abin da inbata ke ci da kanta. To wanda ya yi maka alkawarin kwana da firiza a kan wannan batir ɗin, ko dai bai sani ba, ko ya san kai ba ka sani ba. Haka faifan sola: mita a hannu da rana tsaka tana tona asirin lambar da aka manna a bayansa. Unguwar da ke da dattijo ɗaya mai wannan sani, wanda ba sayarwa yake ba, ba kuma kamasho yake nema ba, ta samu abin da babu hukumar da ta ba ta.

Masu cewa za a ƙwace wa samari abinci, su kwantar da hankali. Abin da dattijo ke gyarawa a zaure shi ne abin da mai shago ke ƙi karɓa, saboda kuɗin aikin ya fi kuɗin sabo. Da ma bola za shi, daga nan 'yan jari-bola su ƙona robar su ɗebi jan ƙarfen, hayaƙin ya shiga ƙirjin yaran unguwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma wadda aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Inda masu suka suke da hujja mai ƙarfi shi ne haɗari, kuma a nan ba na sassautawa. Wutar gidanmu folt 230 ce, tana kisa. Babban kafasiton da ke cikin caja ko talabijin yana riƙe fiye da folt 300 ko bayan an zare soket. Na'urar ɗumama abinci tana aiki da wajen folt 2,000, ta kashe ƙwararru ma balle ɗan koyo, kada a ma kwance ta. Batirin litiyam, irin 18650 ɗin nan, idan aka huda shi ko aka haɗa bakinsa biyu, wuta yake kamawa wadda ba ta jin magana. Ita kanta dalma guba ce, kuma mu ba sai an ba mu labari ba: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara saboda ƙurar dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka a cikin gida. Don haka ba a liƙi a inda jikoki ke rarrafe, ba a cin goro da hannun aiki, a wanke hannu da sabulu, a buɗe taga. Mai farawa ya tsaya a kan abin da batir ke tuƙawa, folt 12 zuwa ƙasa, ya daɗe a nan. Wayarin ɗin gida da haɗa inbata da layin NEPA aikin mai lasisi ne. Akwai kuma wani haɗarin da ya keɓanta da mu manya: da zarar ka tayar da fitila biyu, maƙwabta za su fara kiranka Injiniya, a kawo maka firji, kai kuma girma ya hana ka cewa ban iya ba. Karambanin dattijo ya fi na yaro muni, don shi ba mai tsawata masa. Amma duk wannan hujja ce ta a koyar da kyau, ba ta a hana ba. Wanda zai taɓa, zai taɓa, ko da malami ko babu.

Wasu ƙasashen sun samo wa abin tsari. A Amsterdam ta ƙasar Holan wata 'yar jarida, Martine Postma, ta fara abin da ta kira Repair Café a 2009: a ware rana, mutane su kawo kayansu da suka lalace, masu sani su zauna tare da su a gyara kyauta ana shan shayi. Yanzu akwai dubbansu a duniya, kuma da yawa daga masu gyaran 'yan fansho ne. A Ostareliya akwai rumfunan da tsofaffin maza ke haɗuwa suna sassaƙa da gyare-gyare, waɗanda har gwamnati ke tallafa wa saboda ta lura kaɗaici yana kwantar da su. Kayan koyo ma sun yi araha. Allon Arduino, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005 don ɗaliban da ba injiniyoyi ba, da shi mutum zai haɗa abin da zai kashe famfo idan tanki ya cika, ko ya daidaita zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai. Sai dai kusan duk bayanin da Turanci yake, bidiyon YouTube kuma yawanci daga Indiya, cikin sauri kamar ana kora su. Na Hausa ƙalilan ne, kuma sun fi karkata ga gyaran waya.

Alhali malaman suna nan zaune a cikinmu. Ina ma'aikatan NITEL da suka riƙe layukan tarho kafin kamfanin ya durƙushe? Ina injiniyoyin NEPA da aka sallama lokacin da aka sayar da kamfanonin wuta a 2013? Ina waɗanda suka kula da na'urorin watsa shirye-shirye a gidajen rediyo da talabijin, da masu siginar jirgin ƙasa, da malaman kwalejojin fasaha da suka yi ritaya? Suna majalisa ɗaya da mu, suna ƙorafin fansho ɗaya da mu, da ilimin shekara talatin a ka wanda ba mai tambaya.

Abin da nake nema ba sabuwar hukuma ba ce, ba kuma irin shirin nan na "koyar da sana'a" na kwana uku da ake rufewa da jawabi da rabon kaya, a fita bakin ƙofa a sayar ba. Shirye-shiryen NDE da ITF, hukumomin gwamnati masu koyar da sana'a, an tsara su ne don matashi mai neman abin yi, kuma daidai ne su ci gaba a haka. Amma kowace jiha tana da kwalejojin fasaha na gwamnati, kuma ɗakunan aikinsu a kulle suke daga azahar har wayewar gari, da duk ranakun hutu. A buɗe ɗaya sau biyu a mako, tsakanin La'asar da Magariba, don waɗanda suka haura hamsin. Babu jarrabawa, babu takardar shaida, babu alawus. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda tun 1977 take tsara manhajar ilimin fasaha, ba zai gagare ta fitar da 'yar gajeriyar manhaja da Hausa ba, wadda za ta fara da kiyaye rai kafin komai. A ware wa mata ranarsu da malamarsu, domin a gida su ne ke fama da dutsen guga da injin markaɗe da fitilar da ta mutu, su ne kuma ke jiran a dawo daga kasuwa kafin a duba musu fis ɗin da ba ya ɗaukar minti biyar.

Na san abin da shugaban makaranta zai ce: wa zai biya mai gadi, wa zai sayi man janareta, in kaya ya ɓata wa za a kama? Tambayoyi ne na gaske. Kowane ɗalibi ya zo da mitarsa da ƙarfensa da filayarsa a jaka, ya koma da su, kamar yadda ɗalibin zaure ke zuwa da littafinsa. Gaba ɗayansu ba su kai kuɗin taya ɗaya ta mota ba. Wuta kuwa, ƙaramin faifan sola da batir ɗaya sun isa benci guda, tunda akwai ƙarfen liƙi mai aiki da folt 12, kuma haɗa su shi ne darasin makon farko. Ladan malami da na mai gadi, ƙungiyar 'yan fansho ta jiha ko ta unguwa ta yi karo-karo, yadda ake yi wa limamin tarawihi. Inda kwalejin ta ƙi, ajin firamare ma ya isa, ko zauren mai unguwa, muddin akwai taga da tebur mai tsayin da ba zai karya wa mutum baya ba.